Dare ya yi, mita 16 ta mutu: rediyona ne ya lalace ko dama haka abin yake?

Dan_Binuwai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so masu sani su warware mini wani abu kafin in je in yi wa bawan Allah rashin kunya a banza. Akwatin rediyon da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na kai shi gyara watan jiya nan Garwa, na biya jaka 4. Tun da na dawo da shi nake lura da wani hali. Da rana tsaka mita 16 da mita 19 garau suke, kamar mai maganar yana zaune gefen tabarmata. Idan dare ya yi nisa kuwa sai mita 16 ta yi tsit, ba abin da ke tashi sai shuuu. Su kuma mita 41 da 49, waɗanda da rana ko tari ba na ji a kansu, sai su cika maƙil har tashoshi na hawa kan juna. Mai gyaran ne ya taɓa wani abu a ciki?

Sai tambaya ta biyu, wadda ta daɗe tana cina. Me ya sa ake ce masa gajeren zango alhali shi ke kawo mana murya daga Ingila da Faransa, ga FM ta cikin gari kuwa kafin mota ta kai Figil ta fara sheshsheka?

Usta_MaiGyara_Marwa:
Wa alaikumus salam. To, an fara. Kullum mu ne a bakin mutane. Shekara 22 ina buɗe cikin rediyo, ban taɓa ganin sukurun da ake murɗawa ya sa akwati ya san dare da rana ba. Kafin ka kai gyaran, ka taɓa zama ka bi mitocin nan ɗaya bayan ɗaya? Ka faɗi gaskiya.

Dan_Binuwai:
Gaskiya a'a, Usta. Inda Baba ya bar allurar nan nake kunnawa.

Usta_MaiGyara_Marwa:
Ka ji ko. Mutumin ya wanke maka maɓallin sauya zango, yanzu kana jin abin da da ba ka ji, sakayyarsa ita ce zargi.

Zara_Kusiri:
Mu nan Kusiri ba ruwanmu da wannan wahala. FM ɗin Injamena kamar a tsakar gidanmu take, kogi ne kawai tsakani. Amma zan zauna in ji amsar, don kakata kan ce da dare ne aljanu ke ɗauko muryoyin nesa.

MalamFizik_Marwa:
Dan_Binuwai, rediyonka lafiya lau yake. Bari in fara da tambaya ta biyu don ita ce ƙofar ta farko.

Zangon da ake nufi ba nisan tafiya ba ne. Ka tsaya bakin Binuwai ka jefa dutse, za ka ga taguwar ruwa tana bin juna. Tazarar da ke tsakanin ƙoƙuwar taguwa ɗaya da mai bi mata, ita ce zango. Igiyar rediyo ma haka take. Idan an ce mita 49, tazarar nan mita 49 ce da gaske, irin mitar da tela ke awon yadi da ita. Tun da gudunsu duka ɗaya ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa, to mai gajeriyar tazara ita ce mai yawan kaɗawa. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 300 da lambar megahaz, wato adadin miliyoyin kaɗawa a daƙiƙa, mitar za ta fito. Megahaz 6 ta ba ka mita 50, megahaz 15 ta ba ka mita 20, FM mai megahaz 100 kuwa mita 3 kacal. An ce masa gajere ne a zamanin da ake aiki da igiyoyi masu ɗaruruwa da dubban mita. Da yau ake raɗa suna, FM ce ta fi cancanta.

Yanzu batun nisa. Igiyar rediyo miƙaƙƙiyar hanya take so, duniya kuwa a dunƙule take. Da ba don wani abu a sama ba, duk abin da aka watsa sai ya wuce sararin samaniya ya tafi abinsa. Amma daga kamar kilomita 60 zuwa sama, hasken rana mai zafi yana bugun iska yana ɓalle mata ƙwayoyin lantarki, su yi ta yawo sake. Wannan yanki shi ake kira ayonosfiya, mu da muka yi karatu da Faransanci muna cewa iyonosfer. Hawa-hawa ne: akwai D a ƙasa, wajen kilomita 60 zuwa 90, sai E a wajen 100, sai F can sama daga wajen 150 har ya haura 300. E da F suna tanƙwara igiya su dawo da ita ƙasa, ƙasa ta sake cilla ta sama, haka har ta iso. Shi kuwa D ba ya dawo da komai, cinyewa kawai yake yi, kuma ya fi cin igiyoyi masu ƙarancin kaɗawa. Idan ka rage kaɗawar da rabi, cin da yake yi ya kusa ninkawa huɗu.

Ga amsarka nan. Da rana D yana nan daram, ya cinye mita 49 da 41 masu zuwa daga nesa, amma mita 19 da 16 su ratsa shi da ɗan asara, su tarar da F ya ƙoshi da rana, ya dawo da su. Rana na faɗuwa D ya watse nan da nan, domin iskar wurin tana da kauri, ƙwayoyin da aka ɓalle ba sa jimawa suke komawa mazauninsu. Hanya ta buɗe wa 41 da 49. Shi kuma F, iskarsa shara-shara ce, ba ya mutuwa amma yana ramewa cikin dare, har ya kasa tare mita 16, ta huda shi ta wuce.

Baba_Alhaji_Gider:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mu ba mu san D da F ba, amma mun san da asuba ka nemi manyan lambobin mita, da hantsi ka gangaro ƙanana. Ban taɓa sanin dalili ba sai yau, ga furfura har gira.

Masunci_Balangwa:
Ashe kamar taru ne. Babban kifi ya maƙale, ƙanana su sulale ta ido. FM ita ce ɗan tsurut ɗin da ba tarun da ke kama shi.

MalamFizik_Marwa:
Misalinka ya yi, Masunci, in dai ba a ja shi da nisa ba. Ba ramuka ne a sama ba, yawan ƙwayoyin lantarkin ne ke yanke hukunci. Idan sun kai kamar tiriliyan ɗaya a cikin mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, duk igiyar da aka harba sama tsaye cak za ta dawo matuƙar ba ta wuce kusan megahaz 9 ba. Ta wuce haka, sai sauka a sararin samaniya.

Injiniya_Ngaundere:
Allah gafarta Malam, a nan zan ɗan tsoma baki, kada wani ya karanta ya ce to yaya mita 16 mai kusan megahaz 18 take dawowa. Iyakar da ka faɗa ta harbin tsaye ce. Tashoshin nesa ba tsaye suke harbawa ba, a karkace suke yi, kusan kwance. Duk wanda ya yi wasan jifan tsingaro a bakin kogi ya san abin: ka sake shi daga sama ya nutse, ka wurga shi a kwance ya yi ta tsalle a kan ruwa. A karkacen nan iyaka tana ninkawa kusan uku, shi ya sa gajeren zango ya ƙare a megahaz 30. Tsalle ɗaya a kan F yana iya cin har kusan kilomita 4,000. Tashar da BBC ta kafa a tsibirin Asenshan cikin tekun Atlantika tun 1966, tsakaninta da Garwa sama da kilomita 3,000 ne, tsalle ɗaya ya isa. Daga Isudan a tsakiyar Faransa, inda RFI ke harbowa, nisan ya haura 4,000, yawanci sai an yi biyu.

Sannan akwai abin da Malam bai ambata ba, kuma ina ganin shi ne rabin shirun da Dan_Binuwai ke ji. Tashoshin da kansu ne suke tashi daga mita 16 da dare. Sun san lissafin nan sarai, ba za su ƙona kuɗin wuta suna yi wa taurari magana ba. Shi ya sa ake sauya jadawalin mitoci sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

MalamFizik_Marwa:
Na karɓi gyara, Injiniya. A aji ma haka ɗalibai ke kama ni, in faɗi iyakar tsaye in manta ta karkace.

Aisha_Lise:
Malam don Allah a maimaita lissafin 300 ɗin nan da misali, muna da jarrabawa mako mai zuwa kuma wallahi bayanin nan ya fi na littafinmu shiga kai.

Baba_Alhaji_Gider:
'Yata, ga misali daga tsoho. Rediyo Garwa a da tana kan kilohaz 5010, wato megahaz 5.01. A lokacin Rediyo Kaduna tana 6090. Injamena 6165. Waɗannan lambobi na haddace su kamar lambar gidana. Raba ki gani.

Aisha_Lise:
300 a raba da 5.01 ya ba ni kusan 60. Da 6.09 ya ba ni 49 da ɗan ɗoriya. Injamena 48 da wani abu. Kai! Ashe mita 49 ɗin ba suna ba ne kawai. Na gode Baba.

Baba_Alhaji_Gider:
Allah ya ba da sa'a. Ku yaran yanzu ba ku san daɗin abin ba. Mutum ya rubuta wasiƙar gaisuwa, ya kai gidan waya, ya yi wata guda yana kasa kunne. Ranar da aka karanta sunana a sashen Hausa, na rantse har mai shayin unguwarmu bai karɓi kuɗina ba. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa ce auta, sai 2007. Ga Afirka Lamba Ɗaya daga Gabon a mita 31, wadda a lokacin direbobin manyan motoci ba sa rabuwa da ita. Duk a akwati ɗaya mai cin batir huɗu.

Sani_237:
Da girmamawa Baba, amma wa ke da lokacin murɗa allura yau? Komai yana waya. Ka sa kuɗin intanet ka saurara garau, ba shuuu ba ƙuuu.

Zara_Kusiri:
Sani, ka tambayi 'yan'uwanmu na ƙetaren kogi. Daga Maris 2018 har Yulin 2019 WhatsApp da Facebook a toshe suke a Cadi, wata 16 cur. Ƙanwar mahaifiyata da ke can sai da ta kakkaɓe tsohon rediyon mijinta.

Masunci_Balangwa:
Mu kuwa a tsakiyar tafki ko toshewa ba a buƙata, rezo ɗin ne babu. Sati biyu muna kan ruwa, rediyo ne liman, shi ne ladan.

Sani_237:
To na ji, ban ce a zubar ba.

Direban_Faya:
Bari in kawo nawa, don ya shekara yana damuna. Na yi tuƙi wa wata ƙungiyar agaji a arewacin Cadi, motocinmu duk da rediyon magana mai doguwar eriya a gaba. Wata rana muna kusa da Faya, motar abokin tafiyarmu ta kafe a rairayi, tsakaninmu bai fi kilomita 80 ba. Na yi ta kira, shiru. Shi ma yana ta kira, ban ji. Amma ofishinmu na Injamena, kusan kilomita 800 a miƙe, yana jin mu dukanmu tangaran. Ƙarshe mai ofis ne ya riƙa karɓar magana daga bakina yana miƙa masa. Na ɗauka na'urar ce ta yi hauka.

Injiniya_Ngaundere:
Ba hauka ba ce, Direba, kun faɗa cikin abin da muke kira mataccen fili. Igiya biyu ke fita daga eriyarka. Ɗaya tana bin ƙasa, ita kuwa a busasshen rairayi ba ta nisa, 'yan kilomitoci ta mutu. Ɗayar ta hau sama. Wadda za ta sauka kan abokinka dole ta hau kusan tsaye, kuma lambar da kuke kai ta fi ƙarfin iyakar tsaye, sai ta huda ta wuce. Wadda ta tafi a karkace ce ta dawo, ta sauka Injamena. Tsakanin inda ta ƙasa ta mutu da inda ta sama ta fara sauka, ko da bakin ƙarfe kake magana ba mai jin ka.

Maganinsa ku sauko ƙasa, wajen megahaz 5 zuwa 7 da rana, ƙasa da haka da dare, kuma a kwantar da eriyar maimakon a bar ta tsaye. Sai igiyar ta hau sama ta zubo kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki, ta jiƙa ko'ina kewaye da ku har ɗaruruwan kilomita. Dalilin da ya sa gidajen rediyon ƙasashenmu suka zauna a mita 60 da 90 ke nan a da. Har suna gare su, zangunan ƙasashe masu zafi. Lambar Garwa da Baba Alhaji ya kawo tana cikinsu.

Direban_Faya:
Allahu akbar. Ashe shi ya sa wani tsohon direba yake lanƙwasa eriyarsa ya ɗaure ta a bayan mota. Mu muna yi masa dariya muna cewa tsoron rassan itace yake, a hamadar da ba itace.

Ustaz_Mokolo:
Tambaya, don kada yara su rikice. Wannan hawa-hawa da kuke lissafawa, ba dai sammai bakwai kuke nufi ba?

MalamFizik_Marwa:
A'a Ustaz, ko kusa. Iska ce dai irin wadda muke shaƙa, ta yi shara-shara. Tashar sararin samaniya da mutane ke zaune a ciki tana shawagi a wajen kilomita 400, ka ga a cikin yankin nan ma take. Tsakanin Garwa da Marwa ya fi tsakaninmu da hawan E nisa.

Ustaz_Mokolo:
Madalla. To mu nan cikin duwatsu FM sai ka hau tudu. Wannan ma saman ce?

Injiniya_Ngaundere:
Wannan duwatsun Mandara ne kawai, Ustaz. FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, sama ba ta dawo da ita, don haka iyakarta inda idon eriya ya hango. Ƙarfe mai tsawon mita 100 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana hango kamar kilomita 40, in mai saurare ma yana kan tudu a ƙara. Dutse ya shiga tsakani, magana ta ƙare. Amma wannan hudawar da take yi ita ce rahama a wani gefen. Da sama tana tare komai, da tauraron ɗan'adam bai yi aiki ba, ba faranti a kan rufi, ba taswirar waya.

Hamidu_Yagwa:
Ni fa ban yarda FM ba ta nisa ba. Wata rana da hantsi, farkon damina, na kama wata tasha a FM ana Larabci irin wanda ba na Cadi ba, wajen minti 20 garau, sannan ta ɓace. Ban sake jin ta ba har yau. Matata shaida ce.

Usta_MaiGyara_Marwa:
Ƙananan akwatunan nan masu arha sukan yi haka, wata tasha mai ƙarfi ta kutso inda ba wurinta ba. Kawo shi in duba.

MalamFizik_Marwa:
Usta, kada ka yi saurin karɓar kuɗinsa. Akwai abin da ke faruwa jefi-jefi: wasu curarrun gizagizai na ƙwayoyin lantarki sukan taru a hawan E, su yi kauri fiye da ƙa'ida na ɗan lokaci, har su dawo da FM daga nisan kilomita 1,000 zuwa 2,000. Su watse, tasha ta ɓace. Yadda Hamidu ya kwatanta, zuwa farat ɗaya da tafiya farat ɗaya, ya yi kama da shi.

Injiniya_Ngaundere:
Ko kuma a ƙasa abin ya faru. Idan iska mai ɗumi ta kwanta kan mai sanyi, takan yi wa FM kamar bututu ta kai ta ɗaruruwan kilomita. Sai dai wannan ya fi faruwa da sassafe, kuma yakan daɗe fiye da minti 20. Da Hamidu ya riƙe sunan tashar da mun raba gardama.

Hamidu_Yagwa:
Ina na riƙe, ina ta kiran mutane su zo su ji.

Baba_Alhaji_Gider:
Tun da an zo batun yanayi, ni shekara 50 ina saurare, kuma na tabbata rediyo ya fi kama tasha lokacin hunturu. Ƙurar nan tana taimakawa, ko ku yarda ko kada ku yarda.

MalamFizik_Marwa:
Ranka ya daɗe, kunnenka bai yi ƙarya ba, amma ƙura ba ta da hannu. Hazo 'yan kilomitoci kaɗan yake tashi, bai ko doshi 60 ba. Abin da ke faruwa, da hunturu babu hadari. Kowace walƙiya ƙaramar tashar rediyo ce mai watsa ƙara, ita ce ƙarar-ƙarar da kake ji da damina ko da hadarin yana can nesa. Hunturu ya zo, sama ta yi shiru, sai tashar ta fito fes.

Baba_Alhaji_Gider:
To ai maganata ke nan. Ƙura ta zo, rediyo ya gyaru.

Zara_Kusiri:
Malam ka haƙura, ba a kayar da Baba a zauren nan.

Dan_Binuwai:
Jama'a na gode ƙwarai, kun sauke mini nauyi. Amma akwai saura. Jiya bayan magariba ina kan mita 19, muryar ta riƙa rawa, far-far-far, kamar mai magana ta bayan fanka. Ba irin lumshewar nan da dawowa a hankali ba. Shi kuma fa?

Injiniya_Ngaundere:
Yauwa, ka taɓo inda ke mini daɗi. Lumshewa a hankali sananniya ce: igiya ɗaya ta iso ta hanya biyu, wata tsalle ɗaya wata tsalle biyu, in sun haɗa kai murya ta ƙaru, in sun saɓa su kashe juna. Rawar nan ta bayan magariba kuwa, ta gidanmu ce. Ban da layin da ya raba duniya biyu a taswira, akwai wani na maganaɗisun duniya, kuma shi a nahiyarmu ta arewacin wancan layin ya biyo, ta kan yankinmu ɗin nan, wajen digiri 10. Garwa da Marwa suna gab da shi. A kan wannan layi sama tana da halinta daban. Da rana ana tura ƙwayoyin lantarki sama kamar maɓuɓɓuga, su zubo gefe biyu, arewa da kudu, kamar digiri 15 kowane ɓangare. Rana na faɗuwa kuma sai hawan F ya yi tsalle sama, ƙasansa ya yamutse, wasu kumfa-kumfa marasa ƙwayoyi su riƙa tasowa ta cikinsa. Igiyar da ta bi ta nan kamar fuskarka ce a ruwan da aka dama. Ya fi yawa wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, kuma zuwa tsakar dare yakan lafa. Har na'urar GPS yana rikitawa, masu awon filaye sun san shi.

MalamFizik_Marwa:
Kuma wannan maɓuɓɓuga sunan Edward Appleton aka sa mata, Baturen Ingilan da ya tabbatar da akwai rufin nan a 1924 ta hanyar gwaji da wata tashar BBC, ya samu kyautar Nobel a 1947. Abin dariyar shi ne aiki ya riga ilimi. Marconi ya tsallakar da saƙo tekun Atlantika a Disamban 1901 ba tare da ya san me ya kai shi ba. A 1902 ne Heaviside da Kennelly, kowa a wurinsa, suka ce lalle akwai wani abu a sama mai dawo da shi. Shekara 22 ana zato kafin a gani a awo.

Usta_MaiGyara_Marwa:
Shekara 22, daidai da nawa a bakin aiki. Ni ma har yau zato ake yi mini.

Sani_237:
To in rana ce ke yin komai, ranar ai ɗaya ce kullum. Me ya sa Baba na gida yake cewa wasu shekarun rediyo ya fi kyau?

MalamFizik_Marwa:
Ba ɗaya ba ce, Sani. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, ta yi zafin rai ta huce. Idan baƙaƙen tabo sun yawaita a fuskarta, hawan F yana ƙoshi sosai, iyaka ta ɗaga, har mita 13 ta yi aiki, mita 16 ma takan kai dare a raye. Idan ta huce, manyan lambobin megahaz sai su zama kufai. Zagayen da muke ciki ya fara a Disamban 2019, ya kai ganiyarsa wajen 2024. Zafin ran yana da nasa sharri: in rana ta yi aman wuta, cikin minti 8 haskensa ya iso, D ya kumbura ya cinye gajeren zango gaba ɗaya a duk gefen duniyar da ke da rana, wani lokaci minti kaɗan, wani lokaci fiye da awa.

Masunci_Balangwa:
Tsaya. A watan Mayun 2024 akwai kwana biyu da rediyona ya yi kamar an yi masa asiri. Na canza batir sabo fil, banza. Har na buga shi a gefen kwalekwale.

Injiniya_Ngaundere:
In 10 da 11 ga wata ne, ka bugi marar laifi. Guguwar rana ce ta daki duniya, irin wadda ba a ga mai ƙarfinta ba tun 2003.

Usta_MaiGyara_Marwa:
Ina roƙon a rubuta wannan a allo a rataye a ƙofar shagona. Amma bari in faɗi abin da malaman sama suka manta, don ni a ƙasa nake aiki. Yawancin shuuu ɗin da ake kawo mini yau daga cikin gida yake. Ƙwan fitilar nan mai arha, cajar waya, da na'urar da ke juya wutar sola, duk suna feshin ƙara a kan gajeren zango. Ka kashe su ka ji, ko ka fita tsakar gida da akwatin. In kana son ƙari, samo wayar lantarki mita 10, ɗaura a reshen darbejiya, naɗa bakinta a jikin eriya. Amma hadari na haɗowa ka kwance ta, ba na son a ce Usta ne ya ce.

Aisha_Lise:
Matsakaicin zango fa? Yayana yana kama tashoshin Najeriya da Sudan a kansa da dare, da rana ko ɗaya.

MalamFizik_Marwa:
Ke za ki amsa wannan. Lambobinsa daga kilohaz 531 zuwa 1602. Wane hawa ne ke cin masu ƙarancin kaɗawa, kuma yaushe yake watsewa?

Aisha_Lise:
D! Da rana ya cinye su, da dare ba ya nan. Aljanun kakar Anti Zara ke nan.

Zara_Kusiri:
Allah ya jiƙan tsohuwa, da tana raye da ta ce to wa ya aiko D ɗin.

Dan_Binuwai:
Na dawo da rahoto. Kwana uku ina rubutawa a bayan kalanda. Ƙarfe 1 na rana: 16 da 19 garau, 25 dama-dama, 49 shiru. Ƙarfe 7 da rabi na yamma: 19 tana rawar nan, 25 da 31 sun fi kowa. Ƙarfe 11 na dare: 41 da 49 maƙil, 16 ba kowa. Na kuma cire cajar waya daga bango kamar yadda Usta ya ce, rabin ƙarar ta tafi. Abu ɗaya ne bai bi lissafinku ba. Shekaranjiya wajen 10 na dare na ji wata tasha a mita 16, harshen da ban sani ba, tangaran, jiya kuma babu ita.

Injiniya_Ngaundere:
Wace lamba allurar take kai? Kuma ta wane gefe ka juya eriyar?

Usta_MaiGyara_Marwa:
Kafin a shiga wannan, mai gyaran da ka so yi wa rashin kunya fa? Ko goro ba za a kai masa ba?

Dan_Binuwai:
Usta, na biya ta shagonsa ɗazu, na tarar ya tafi Pitowa cin kasuwa. Injiniya, gilashin lambobin ya dushe daga 17 zuwa sama, sai dai in sa alama da alli yau da dare in ta dawo.

Baba_Alhaji_Gider:
Ka jira hunturu, za ta dawo.